Ranar da Muryar Baba Ta Yanke

Tun kafin a haife ni mahaifina ne ladanin masallacin layinmu a Agege. Goro yake sayarwa a kasuwa, amma da muryarsa aka san shi. Ko an ɗauke wuta, matan da ke tsallaken titin jirgi suna jin kiransa su tashi alwala.

Wata azahar ina wanke-wanke na ji ya fara kira kamar kullum. Ana tsakiya sai muryar ta yanke, tari kawai ke fitowa daga lasifika. Can wani tela maƙwabcinmu ya karɓa ya ƙarasa. Mama ta ajiye muciya, ta ja mayafi ta fita ko takalmi babu.

Da farko an ce asma ce. Mai kemis ya ba shi abin shaƙa, bai yi masa komai ba. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, in ya kwanta a miƙe sai ya zabura yana haki. Na kai shi asibiti aka yi masa hoton zuciya. Likitar Bayarabiya ce, tana bayani da Turanci ina fassara masa.

"Baba, ta ce zuciyar tana tura jini da ƙarfinta. Naman ne ya yi tauri, ba ya saki ta cika kafin ta sake bugawa. Shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu da ƙafa. Wai hawan jinin da ya daɗe ne ya jawo."

"Tambaye ta, zan warke?"

Likitar ta dube ni, ta amsa a hankali da Yarbanci, wanda Baba ke ji, cewa taurin ba ya komawa, sai dai a lallaɓa. Na buɗe baki, Baba ya ɗaga hannu.

"Bari, 'yar nan. Na ji."

Muka shiga lallaɓawa. Mama ta janye gishiri da magi daga tukunyar gidan gaba ɗaya don kada ya ci nasa daban. Ga maganin hawan jini, ga ƙwayar da ke fitar da ruwa, wadda ta sa shi zaryar banɗaki har ya daina zuwa kasuwa. Na tara masa matasai, a jingine yake barci. Kumburin ya sauka, ya koma takawa zuwa masallaci a hankali, yana tsayawa a hanya ya huta.

Sujada ce ta gagare shi. Da ya kai goshi ƙasa sai numfashin ya toshe. Aka ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Ranar da ya fara salla a kanta ya dawo bai taɓa abinci ba, ya juya fuska bango. Ban taɓa ganin kafaɗunsa na rawa haka ba.

Bai ƙara kiran salla ba. In telan ya fara, sai Baba ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Wata rana ya ce mini, "Yana sauri da yawa. Amma kada ki gaya masa, yana ƙoƙari."

Da damina mura ta kama shi, ruwan ya dawo huhu. Wata safiya leɓensa ya yi duhu, muka ɗauki shatar danfo, ƙaramar bas ta haya, zuwa asibiti. An kwana ana ruwa, hanya ta cushe. Direban ya yi ta hon, ya leƙo yana roƙon a ba shi hanya, babu inda za a matsa. Baba na jingine a ƙirjina, Mama na yi masa fifita da gefen mayafi tana laƙƙana masa kalmar shahada. Na ji nauyinsa ya ƙaru a jikina.

Direban ya waiwayo, ya dube mu, ya kashe mota. Ya cire hularsa ya ce, "Mama, mu juya gida?"

Mama ta gyaɗa kai. Sai bayan la'asar muka isa gida da gawarsa.