Bular Malam Bitrus

Shekara shida da wata huɗu ke nan rabona da Kafanchan. Ran Talata, na dawo daga zagayen duba rijiyoyi a nan Maiduguri, sai wani ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan Zonkwa ya miƙo mini wasiƙar ƙanwata Rifkatu. Layin farko ya ce Malam Bitrus Dubagari ya huta. Na daɗe a bakin dakali ban karanta layi na biyu ba.

Shi ya koya mini aikin dubagari, saboda shi kuma na bar gida. Duka biyun zan faɗa, don bai taɓa son rabin magana ba.

Mutane sun san shi da farin kaki da keke mara birki. Sauran ma'aikata randunan mata suke leƙawa suna neman tsutsa. Shi kuwa ƙasa yake kallo. In ya shiga gida sai ya ƙirga taku daga masai zuwa bakin rijiya, ya duba inda gangare ya nufa. Yakan ce, "Yohanna, ƙasa ba ta cin ƙazanta, ajiya take yi."

A lokacin wani ɗan kwangila ya gina gidan wanka da bayan gida na haya a saman unguwarmu, ya saki ruwansu cikin tsohon kududdufi. A ƙasa da shi rijiyar mahaifiyata take. Da ruwanta Mama take dafa burkutun da ta riƙe mu da shi, rabin unguwa kuma nan suke ɗiba. A daminar nan gudawa ta kama yara, har aka binne wasu. Malam ya ce rijiyar ce.

Mama ta jawo guga ta dangwarar a gabansa. "Bitrus, idonka ya lalace ne? Ruwa garai-garai haka!"

"Uwar Yohanna, ki ba ni mako guda."

Ya je kasuwa ya kwashe bular wanki kaf daga teburin wata 'yar Ibo, ya dama a duro, ya juye a kududdufin da rana tsaka, a gaban mai unguwa. Ya sa matan unguwa su yi gadin rijiyar da kansu, kada a ce shi ya zuba. Mutane suka yi ta dariya: "Dubagari ya zo yi wa kwata wanki!"

Rana ta huɗu da safe aka juye guga a farar tasa. Jama'a, shuɗi! Ba mai yawa ba, amma ko yaro ya gani. Unguwa ta kaure, mata suna kiran sunan Yesu, har masu awon citta suka bar buhunansu suka sheƙo. Ni kaina tsalle na yi, na manta rijiyar wa ce. Malam bai yi dariya ba. Hularsa ya cire, ya ce, "Ruwa ba ya jin doka, gangare ya sani."

Ya ce a rufe rijiyar, kuma ni zan buga ƙusa, don kada a ce dubagari yana tsallake gidan yaronsa. Mama ta tsaya a kaina. "Nonona ka sha, yau kai ne da guduma?" Tun ranar ba ta ƙara zuba mini tuwo ba.

Abin da ya ci mini rai shi ne gidan wankan bai rufe ko yini guda ba. Mai shi yana da mutane a sama. An rufe rijiyar gwauruwa, an bar kwatar mai kuɗi. Na nemi canjin wurin aiki. A tashar jirgi Malam ya miƙo mini ƙullin bula, na karɓa da hannun hagu. Ban taɓa rubuta masa ko layi ba.

Sai jiya na karanta sauran wasiƙar, har na tashi tsaye. Ashe bai bari ba! Ya yi ta kai takarda ofis. An aika masa akuya, ya mayar da ita a bayan kekensa tana kuka. An tura shi Godogodo, ya dawo ya ci gaba. Bara aka kafa doka: ba mai sakin ruwan kwata sai a ramin siminti, nesa da rijiya, kuma sai dubagari ya gani. An cike kududdufin. An yashe rijiyar Mama, an ɗaure bakinta da siminti. Malam, yana dogara sanda, ya sake zuba bula a sabon ramin. Mako biyu, tasa fara tas! Rifkatu ta ce da ruwan rijiyar aka dafa abincin masu makoki, Mama ce ta ja gugan farko. Mama ta kuma ce a gaya mini in zo in sha.

Malam, ka yi gaskiya, ni ne ban yi haƙuri ba. Ubangiji ya gafarta maka, ya karɓe ka cikin hutunsa. Ya ta'azantar da Mama Saratu matarka da 'ya'yanku, ya zama musu inuwa. Amin.

Ƙullin bularka ya ƙare tuni, na sayi wasu. A shekara shida na rufe rijiya tara. Huɗu daga ciki na iya cetowa.