Ranar da muka manna wa tebur fomaika

Shekarar da aka rufe gari saboda korona, masallaci da coci duk a garƙame, zaman gida ya ishe ni. Ni mai sayar da citta ne a kasuwar Kafanchan, ban saba wuni a inuwa ɗaya ba. In zauna, in tashi, in leƙa ƙofar gida, in dawo. Har carbi sai in ga na ja shi da sauri kamar ana kora ta.

Tun da muka tare a gidan na yi wa mai ɗakina alkawarin teburin kicin. Kicin ɗin ƙarami ne, a tsugune take yanka da kwaɓi, ga gwiwoyinta sun fara ciwo. Duk shekara sai in ce bayan kakar citta. Har ta daina tambaya, wannan kuwa ya fi damuna.

Na haɗa teburin da katakon da ke jingine a bayan gida: tsakiya mai tsawo, da fiffike biyu a kan hinji, a ɗaga in za a yi aiki, a sauke in an gama. Ranar da aka buɗe kasuwa na 'yan sa'o'i na samo fomaika fara, irin mai santsin nan da ake manna wa saman tebur, falle ɗaya tak, da gwangwanin gam. Da na yanka ta uku, ko tafin hannu bai ragu ba. In ta lalace, babu wata.

Maƙwabcina tsohon malamin firamare ne, dattijo a cocinsu, Ticha muke ce masa. Warin gam ne ya kawo shi katanga.

"Malam, ka zama kafinta ne? Allah ya taimaki katako."

"Shigo ka taimaka, Ticha, ko ka koma ka yi barci."

Ya shigo. Shi ya koya mini cewa ana shafa gam a katako da bayan fomaika, a jira har ya daina kama yatsa, kuma da zarar sun taɓa juna ba gyara. Jiran nan ya wahalar da ni. Sau nawa ina miƙa hannu yana buge shi.

Fukafukan biyu suka manne lafiya. Saura tsakiya. Muka jera sandunan rake busassu a kan katakon, muka ɗora fomaikar a kansu, don a riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya ana dannawa. Muna tsaye gefe guda. Na yi bisimilla, shi ma ya yi tasa addu'ar, babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa ga inda za a fara. Ni da allo na fara karatu, da ajami nake rubutu har yau, hannuna bai san wani mafari ba sai dama. Ticha kuwa shekara talatin yana fara layi daga hagu. Na zare sandar dama na danna. Ya zare ta hagu ya danna. Kowa kansa a ƙasa, muka taho.

Da muka haɗu, sai ga fomaika ta yi tozo a tsakiya, bakin biyu sun kame gam.

"Kai, Malam! Wa ya ce ka fara a can?"

"Kai wa ya ce ka fara a nan?"

Na sa farce zan ɓamɓare, na ji ta yi ƙas. Ticha ya riƙe wuyan hannuna. "Za ta fashe. Bar ta."

Na zagaya teburin ban san sau nawa ba, ina innalillahi. Mai ɗakina tana bakin ƙofa, ta daɗe tana kallonmu ashe. Ta shiga ta fito da dutsen guga, ta zuba masa garwashi.

"Malam, takalmin da aka liƙe da gam, in ya sha rana ai buɗewa yake. Ku matsa."

Ta shimfiɗa tsohon zane a gefen da na danna, ta yi ta goga a hankali. Gam ya yi laushi, Ticha yana cusa wuƙar kicin kaɗan-kaɗan, ni an ba ni aikin mayar da sanduna, da sharaɗin kada in taɓa komai. Gefena ya ɗago bai fashe ba, sai ɗan tsagi a kusurwa. Muka ƙara gam, muka sake jira. Wannan karon daga hagu aka taho har ƙarshe, Ticha yana dariya wai boko ya ci.

Da la'asar muka shigar da shi kicin. Ta ɗaga fiffike ɗaya, ta sauke, ta sake ɗagawa. Ta jawo kujera ta zauna, ta miƙe ƙafafunta a ƙarƙashinsa, ta ɗora albasa.

Na ce, "Na daɗe ban cika alkawari ba. Ki yafe mini."

Ta shafa tsagin da ɗan yatsa.

"Ka cika, Malam. Miƙo mini wuƙar nan."