Gonar da Na Raba a Gaban Makirfo

Har gobe ban manta da Larabar da na yi sharhi a kan shari'ar gonar Baba Lawali ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana, kuna ganin yadda nake juya takardar kotu sau uku kafin in buɗe baki, kuna cewa tsufa ne. To ku gyara zama ku ji inda na samo halin.

A lokacin ni ne shugaban sashen labarai a wata ƙaramar rediyo ta nan Matameye. Sunan ne babba, sashen kuwa daga ni sai babur ɗaya. Kowace Laraba bayan la'asar ina da filin sharhi a kan hukunce-hukuncen kotu. Ban karanta shari'a ba, an dai ba ni filin ne don Faransancina ya ɗan fi na sauran, ni kuma na ɗauki kaina rabin alƙali.

Gonar tana wani ƙauye ne cikin karkarar Yauri. Baba Lawali, dattijo mai kusan saba'in, shi ke noma ta tun zamanin mahaifinsa. Sai Alhaji Ilu, wanda ya yi arzikinsa a cin rani a Kano, ya taso ya ce aro kakansa ya bayar. Kotun farko ta bar wa Baba Lawali gona. Alhaji ya ɗaukaka ƙara, kotu ta biyu ta tabbatar da hukuncin farko. Bai haƙura ba, ya kai magana babbar kotu a Yamai.

Da hantsin Larabar nan, damina na bakin ƙofa, Alhaji Ilu ya shigo biro, wato ofishinmu, yana fara'a, ya ajiye mini shafi huɗu. Ya ce, "Habibu, Yamai ta yi magana. A sanar da jama'a."

Na fara karatu, kaina ya ɗaure tun a shafin farko. Ga hujjar wannan, ga ta wancan, ga lambobin doka birjik, ban san inda maganar aboka, wato lauya, ta ƙare ta alƙali ta soma ba. Sai na yi abin da na gada daga magabatana a aikin: na tsallake ciki na duba shafin ƙarshe. Can na ga an karɓi ƙarar Alhaji, an rushe hukuncin kotu ta biyu. Akwai wani layi a ƙasa mai cewa an mai da dosiye, wato takardun shari'ar, gaban wasu alƙalai, na ɗauka don su sa hannu ne su miƙa gona.

Kun san mu nan kunnenmu a rediyoyin Kano da Katsina ya tashi. Kullum muna jin kotun ƙoli ta can ta ce wane ne gwamna, magana ta ƙare, a kama kiɗa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko tamu haka take aiki ba.

Direktarmu, Madam Zuwaira, ta leƙo ta ce, "Habibu, ka tabbata ka gane takardar nan? Ko a jira girefiye?" Girefiye shi ne magatakardan kotu, Mushe Haruna (Mushe shi ne Malam a Faransanci), ya kuwa tafi ta'aziyya Icirnawa.

Na ce, "Madam, in muka jira shi labari ya huce."

Na shiga fili na saki baki. Na ce manyan alƙalai sun ja kunnen ƙanana. Na yi ta hasashen ko akwai hannun ƴan siyasa a hukuncin baya, alhali ko inuwar hujja ba ni da ita. Wani mai saurare ya bugo waya daga Kance ya ce, "Malam Habibu, bar dogon Turanci. Gona ta wa ce?" Na gyara murya na ce, "Bisa takardar da ke hannuna, ta Alhaji Ilu ce."

Ranar Alhamis aka yi ruwan shuka. Juma'a da sassafe mutanen Alhaji suka shuke gonar kaf da gero. Baba Lawali ko ƙofar gida bai fita ba.

Litinin Mushe Haruna ya dawo, ya aiko in zo. Na same shi da takardar a gabansa, ko kujera bai nuna mini ba.

Ya ce, "Wa ya ce maka Alhaji ya ci?"

Na ce, "Ba an rushe hukunci ba? Ashe Baba Lawali ne ya ci?"

"Ba wanda ya ci."

"To wa ya faɗi?"

"Ba wanda ya faɗi."

Na nemi ya warware mini. Ya ce, "Wannan kotu ba ta duba gona, ba ta tambayar kakan wa ya sare daji. Aikin alƙalai take dubawa, ko sun bi ƙa'ida. Shari'ar gona, doka ta ce alƙali ya zauna da dattawa biyu masana al'ada, su kuwa ba a rubuta sunayensu a hukuncin ba. Shi ke nan dalilin. Za a sake zama daga inda aka tsaya."

Na ce, "Shekara da shekaru ana tafiya, a koma baya saboda sunaye biyu? To kafin a sake zaman, gonar ta wa ce?"

"Tana hannun wanda take hannunsa."

"Yanzu kuma tana hannun wa?"

Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Wannan kai za ka faɗa mini." Kunya ta rufe ni.

Sau uku na yi gyara a rediyo, kowane gyara sai ya ƙara dagula lamarin. Wasu suka ce Yamai ta canja magana. Wasu suka ce manya ne suka murɗe mini kunne, wato hasashen siyasar da na shuka da bakina ya dawo kaina. Ni kaina in na ce an rushe hukunci amma ba a ba kowa gaskiya ba, sai in ji kamar ƙarya nake yi.

Aka kai magana fadar sarki. Dattawa suka ce al'ada a bayyane take: shukar da ta tsiro ba a tuge ta, wanda ya shuka shi ke girbi, rigima sai bayan kaka. Da haka daminar Baba Lawali ta tafi, kuma gonar nan ita ce cin gidansa.

Madam ta ce in je in dube shi ido da ido. Na hau babur na tafi. Na same shi a zaure yana ɗaure ƙotar hauya, ya sa aka kawo mini ruwa. Bayan gaisuwa na ba shi haƙuri, na ce, "Baba, me ya hana ka tambaya kafin ka bar musu?"

Ya ce, "Ɗana, wa zan tambaya? Duk zuwan da nake yi kotu ban taɓa jin abin da suke faɗa ba, sai ranar da ka faɗa da Hausa. An ce hukuma ta yi magana, ni kuwa ba na ja da hukuma. Irin shukar ma maƙwabci na ba." Sannan ya ce, "Tunda ka zo, kai ne mai karatu. Baɗi in shuka ko kar in shuka?"

Na ce, "Wallahi Baba, ban sani ba."

Ya ce, "Da haka ka faɗa a rediyo, da yanzu gerona ya kai gwiwa."

Na yi masa sallama na hau babur na dawo. Har yau akwai abubuwa a takardun babbar kotu da ke ɗaure mini kai, kuma na daina ɓoyewa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba sa ganin alƙalan Yamai, ba sa karanta shafi huɗu, mu suke ji, kuma abin da muka faɗa da la'asar da shi suke fita gona da safe. In takarda ta fi ƙarfinku, ku ce wa masu saurare ba ku gane ba tukuna, ku jira girefiye ya dawo.