Allunan da Kaka Ta Wanke

Ni dama ba mai iya zama wuri ɗaya ba ne, shekarar da ƙanena zai yi jarrabawar shiga kolej kuwa abin ya ƙaru. Lokacin ana kiran ƙasar Dahome, Turawa ba su daɗe da tafiya ba. Ina Parakou ina koyon rubutu a jikin manyan motoci, shi yana gida Djougou, ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare.

Tun haihuwa idonsa ba ƙarfi. In zai karanta littafi sai ya manna shi a hanci, har yara na ce masa mai sansanar takarda. Tabarau bai ƙara masa komai ba sai ciwon kai. Gidanmu gidan goro ne, amma Baba ya gwada shi a tsinta, ya ga ba ya bambanta mai sankara da lafiyayye. Boko kaɗai ya rage masa. Kimiyya kuma ita ke kayar da shi, don duk zane ne da rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi.

Abin ya tsaya mini a rai. Wata Juma'a na ajiye buroshi na hau mota. Babbar takarda ba ta samuwa, sai na shiga ɗakin marigayi kakanmu na kwaso manyan allunansa. Na dama tawada, na fiƙe kara mai kauri, na zana zuciya da jijiyoyinta, ganye, tafiyar ruwa daga kogi zuwa gajimare, da wani jadawali mai gida-gida na rabe-raben dabbobi. Kowane harafi ya kai ɗan yatsa. Ƙanena ya jingina allo a bango, ya ja da baya, ya karanta ba tare da ya sunkuya ba. Ban taɓa jin daɗin hannuna irin na ranar ba.

Na koma Parakou, amma hankalina na gida. Har kuskure na yi a jikin motar wani, maigidana ya zage ni tas. Da na sake zuwa, na tarar da allunan a shanye a rana, fes da su.

Kakarmu, wadda ba ta karatu kuma idonta ya tsufa, ta ga allunan mijinta da tawada, ta ga jadawalin nan, ta ɗauka hatimi ne. Ta wanke su a ƙwarya, ta tsare yaron sai da ya sha, sauran ta shafa masa a ido.

Na yi ta zagaye tsakar gida ina huci. Ta dube ni ta ce, “Kai angona, zauna mana, ka sa ni jiri. Ba maganin ido ka rubuto masa ba?”

Na ce, “Kaka, karatun boko ne, na jarrabawa.”

Ta ce, “To ai ya shiga ciki.”

Dariya ta kusa ƙwace mini, amma raina a ɓace yake, ga lokaci ya ƙure. Na ɗaure allunan, na sa yaron gaba muka tafi Parakou, inda dama can za a yi jarrabawar. A tasha, ƙarƙashin wata mota, na sake zana su duka. Ya karance su har ya haddace, in na tambaye shi sai ya amsa kafin in rufe baki.

Ranar jarrabawa na kasa zama. Na je bakin ƙofar makarantar, na koma tasha, na dawo. Da aka tashi, shi ne na ƙarshen fitowa, idonsa ja, yana murzawa. Na tare shi na ce, “Ya aka yi, zuciyar ta fito?”

Ya ce, “Wataƙila ta fito. Na roƙi mai tsaro ya karanta mini, ya ce doka ta hana. Na san amsoshin duka, Yaya. Tambayoyin ne ban gani ba.”