Ƙarfen Sabis ɗin da Aka Ce Ba Ya Kawo Riba

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da takardar nan ta iso ofishinmu na Dutse ba. Lokacin ni ne jami'in da ke kula da ƙarafan sabis na kamfaninmu a tsakiyar Jigawa, wato dogayen ƙarafan nan da ake kafawa a bakin gari, waɗanda in babu su waya ba ta shiga. Aikina in tabbata janareta yana da gas, batir bai mutu ba, mai gadi yana wurinsa. Ku da kuka shigo aikin nan bana ku saurara, don irin wannan takarda tana nan zuwa teburinku.

Kamfaninmu ba babba ba ne, jihohin arewa kaɗan yake riƙe da su, sai Abuja. A shekarar wasu masu kuɗi suka nuna suna son zuba jari a ciki, amma suka ce sai an rage ɓarna tukuna. Sai hedikwata ta zauna ta duba kowane ƙarfe, abin da yake ci da abin da yake kawowa. Duk wanda cinsa ya fi samunsa aka ja masa jan layi, aka ce a cire shi kafin masu jarin su dawo. A cikin nawa guda ɗaya abin ya faɗa wa, na wani ƙauye da ke can ciki in ka bar kwalta a hanyar Jahun.

Ina gama karantawa raina ya ɓaci, don na san ƙarfen nan ciki da waje. Ga yadda abin yake. In ka kira mutum, kuɗin da aka cire a katinka ana rubuta shi ne da sunan ƙarfen da kake ƙarƙashinsa. Ƙarfen wanda ka kira ba a rubuta masa komai. To mutanen ƙauyen nan manoma ne, gero da dawa da riɗi, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a Abuja ko Kaduna, wani yana acaɓa, wani turin ruwa, wani yankan farce. Dattijo a can ba ya kiran ɗansa. Abin kunya ne ma a ce uba ya ƙona katinsa alhali ɗansa yana birni yana samu. Filashin yake yi, wato ya bari waya ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe, ɗan ya kira. Daga nan kuma sai a kwashe rabin awa, a ba uwa, a ba kaka, a tambayi lafiyar akuya. Duk wannan kuɗi kamfaninmu ne ke cinsa, amma da sunan ƙarafan Abuja.

Mai gadin wurin, Malam Sabo, dattijo ne mai 'ya'ya uku a Abuja. Har tabarma ya shimfiɗa a gindin dalbejiyar da ke jikin shingen ƙarfen, don nan sabis ya fi ƙarfi, kuma bayan la'asar sai ka sami dattawa a jere kowa da wayarsa a hannu yana jiran ta yi ƙara.

Na zauna na rubuta rahoto shafi huɗu, na bayyana komai dalla-dalla, na aika wa manajan shiyya, Oga Lawal, a Kano. Shiru. Na kira, aka ce yana taro. Ranar Alhamis na shiga motar haya na tafi da ƙafata. Ya saurare ni yana danna waya, sannan ya ce shi ba labarin ƙauye aka ce ya kai ba, masu jari takarda suke karantawa. Na ce to a duba kiran da ke shiga ƙarfen mana, ai injinmu yana ajiye komai, aikin minti goma ne. Ya jawo fom ɗin da hedikwata ta aiko, ya juya gaba ya juya baya, ya ce:

“Injiniya, babu gurbin wannan a fom.”

Mutum da digiri biyu, fom ya ɗaure masa hannu. Na ce to a ƙara gurbi, ya ce ba shi ya buga fom ba. Na ce a manna rahotona a bayansa, ya ce zai duba, ya buɗe durowa ya jefa shi ciki ina kallo.

Abin takaicin, ni aka tura in gaya wa mai gari za a cire ƙarfen. Na durƙusa na gaishe shi, na kewaya na kewaya, sannan na faɗa. Ya tambaye ni laifin me suka yi. Na ce ranka ya daɗe, kamfani ya ce mutanen garin nan ba sa waya. Ya dubi dattawan da ke gefensa, ya dube ni, ya ce ai su kullum a kan waya suke. Gaskiya ya faɗa, ni ma na san gaskiya ya faɗa, amma ta yaya zan yi wa dattijo bayanin gurbin fom? Ana tsakiyar zafin bazara muka zo da babbar mota muka kwance ƙarfen. Malam Sabo da kansa ya kama mana lodin batira, ya miƙo mini makullai, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Masu jari suka zo, aka nuna musu an rage ɓarna, aka ɗau hoto, aka yaba wa Oga Lawal a taro.

Ba a yi wata biyar ba, sai masu sayar mana da kati a unguwannin gefen Abuja suka fara kuka, wai 'yan Jigawa sun yar da layinmu gaba ɗaya. Ashe mutanen ƙauyen sun gano sabis ɗin wani kamfani yana kamawa a kan tudun bayan gari, suka koma layinsa. 'Ya'yansu suka bi su, tunda kiran layi ɗaya ya fi araha, su kuma suka ja abokan zamansu da 'yan garuruwan makwabta. Masu jari suka fara tambaya. Sai ga kiran Oga Lawal da sassafe, wai me ya sa ban taɓa faɗa musu ba. Na yi salati a zuciyata, na ce Oga, buɗe durowarka ta hagu. Ya ce ba lokacin tone-tone ba ne, in je in roƙi mai gari ya mai da mana filin.

Na tafi da damina, motata tana kafewa a taɓo. Mai gari ya karɓe ni da mutunci, aka kawo ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce in tashi mu je in ga filin. Riɗi ne kore shar ya kewaye dandamalin simintin da muka bari, an ɗaure akuya biyu a kansa. Ya ce tunda mun kori Malam Sabo daga aiki, shi ya ba wa wurin ya noma, kuma ba zai ƙwace ba. Ya nuna mini can kan tudu, inda ɗaya kamfanin ya riga ya fara haƙa ramin nasa ƙarfen.

Abin da na koya a aikin nan ke nan: wanda ke birni da fom a hannu yana iya yi wa gari guda hukunci bai taɓa shan ruwansa ba, kuma kai da ka sha, kai za a aika ka faɗa musu. Shi ya sa duk rahoton da na rubuta yanzu sai na aika wa mutum uku, na ajiye kwafi a gida.

Na ciro wayata a bakin gonar don in gaya wa Oga yadda muka yi, sai na tuna babu sabis, ni na cire shi da hannuna. Malam Sabo ya ajiye fartanya, ya goge hannu a jikin riga, ya miƙo mini tasa mai layin ɗaya kamfanin, don sabis ɗinsu yana ɗan kamawa har nan. Na fara sa lamba, sai ya ce:

“Injiniya, babu kati sosai a ciki. Yi masa filashin kawai, in yana da buƙata zai kira.”