Sitikar Baba Isa

Har yau ban manta da ranar da na zauna a gefen Baba Isa a matsayin mai leƙen asiri ba, mutumin da ya girme ni da shekara ashirin. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan ba ku same shi ba. A lokacin ni ne jami'in sufuri a ofishinmu na ayyukan gona a Dutse, wato ni ke raba wa direbobi mai, ni ke sa hannu a kai mota gareji, ni kuma ake kira idan wani abu ya lalace.

Baba Isa mutumin Buji ne. Ya yi rayuwarsa yana jan tsohuwar a-kori-kura mai giya huɗu, wadda babu abin da ke aiki a gabanta sai hon. Da saura 'yan watanni ya yi ritaya aka kawo mana sabuwa dal, Darakta ya ce a ba shi don girmamawa. Sabuwar kuwa gabanta cike yake da fitilu da allurai da maɓallai, kamar shagon mai gyaran rediyo. Baba Isa ya dube su ya ce shi dai sitiyari da giya da birki ya sani, sauran kuma Allah ya ba mai rabo.

Farkon damina lafiya lau. Daga tsakiyarta sai motar ta koma shan mai kamar ana zuba shi a rairayi. Man da ke kai ta Miga ta dawo da ragowa, yanzu da ƙyar take shigowa Dutse. Baba Isa ya yi ƙorafi cewa giya ta yi tauri, motar kuma tana tirjewa a kwana. Na tura ta gareji, bakanike ya canza man giya, ya ce sabuwar mota ce, sai ta saba. Ba ta saba ba.

Kun san halin ofis, magana ba ta kwana. Aka fara raɗe-raɗin tsoho yana tsiyaye mai yana sayarwa kafin ya tafi. A tsarinmu, idan aka zargi direba ana ba shi takardar tuhuma, idan amsarsa ba ta gamsar ba sai kwamiti, daga nan ana iya korarsa ya rasa haƙƙinsa na ritaya. Darakta ya kira ni ya ce in rubuta takardar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni tafiya ɗaya da shi. Idan na ga abin da ake faɗa, da hannuna zan rubuta."

Ya ce, "Tafiya ɗaya, Malam Sabo. Ni ma ba na son abin, amma mai ba ya tashi sama."

Ranar Talata muka ɗauki taki za mu kai Miga. A gabana aka cika tanki. Tun kafin mu bar gari Baba Isa ya gane abin da ya kawo ni, domin jami'in sufuri ba ya rakiyar taki. Bai dube ni ba ya ce, "Yallaɓai, na san aiko ka aka yi, kada ka ji nauyi. Ni ba kuɗin ritayar ne ya dame ni ba. In koma Buji a ce ɓarawon mai ya dawo, a gaban jikokina, wannan ne ba zan iya ba." Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona sai kan allurar mai.

Allurar kuwa sauka take yi a gaban idona, ba mu tsaya ko'ina ba. Injin yana gurnani, giya sai ya danna da ƙarfi take shiga, da muka zo shan kwana a Jahun na ji tayoyin gaba suna gurzar kwalta. Na tabbata mutumin nan bai saci komai ba, amma me zan gaya wa Darakta? In ce aljanu ne?

A gilashin da ke rufe alluran, can gefen dama, akwai wata sitika mai ɗauke da addu'ar hawa abin hawa. Yayansa, malamin makarantar allo a Buji, shi ya manna ta ranar da aka kai masa motar ya sa albarka. Duk wanda ya shiga ya gan ta, har bakanike, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ɗaga ta. Wa zai kai farce kan sunan Allah?

Da muka wuce Jahun hadari ya haɗo, gari ya yi duhu kamar magariba alhali ko azahar ba a yi ba. A cikin duhun nan na ga wani ɗan haske kore yana ratso takardar sitikar.

Na ce, "Baba, mene ne ke haske a bayan addu'ar nan?"

Ya leƙa, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ai na gaya maka Yaya ba ƙaramin malami ba ne."

Dariya ta ƙwace mini har da tari. Na roƙe shi ya tsaya a gefen hanya, na ce a bar ni in ɗaga ta. Ya ce sam, ba a motarsa ba. Muka yi ta ja, ruwa yana dukan gilashi. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗin ba za a yaga ta ba, kuma shi zai cire da hannunsa don yana da alwala. Ya jiƙa gefen rawaninsa da ruwan shayin da ke fulas ɗinsa, ya dinga dannawa a hankali har ta saki.

A ƙarƙashinta ga hoton tayoyi huɗu, fitila koriya shar. Alamar giyar laka ce, wadda ake sawa idan mota ta kafe don tayoyin gaba su taya na baya ja. Ba a tafiya da ita a kwalta, domin tana cin mai, tana cin taya, tana taurara komai. A tsofaffin motoci sanda ce a ƙasa, a wannan kuwa ɗan murɗi ne kusa da rediyo.

Baba Isa ya dafe kai ya ce, "Mai tarakta." Ashe makonni baya sun kafe a wata fadama a Miga, yaron da ya jawo su da tarakta ya zura hannu ta taga ya murɗa wani abu. Shi kuwa Baba Isa ya ɗauka iskar fankar motar yaron ya ƙara masa. Tun ranar motar take ta faɗa masa da fitila, addu'a ta tare mata baki.

Na mayar da murɗin, muka ɗan ja da baya, fitilar ta mutu. Motar ta saki jiki, giya ta dinga shiga da yatsa biyu. Muka sauke taki muka dawo Dutse allura ba ta kai rabi ba.

Da na yi wa Darakta bayani ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya tara ma'aikata ya wanke Baba Isa a gaban kowa. Masu raɗe-raɗin suka yi tsuru-tsuru. Tun daga lokacin, duk direban da na ba sabuwar mota sai na zauna da shi mun bi fitilun gabanta ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na rubuta tuhuma kan mutum sai na hau motarsa. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, mun fi saurin zargin direba a kan duba mota.

Sitikar kuwa Baba Isa ya mayar da ita sama, kusa da madubi. Ranar walimar ritayarsa na tsokane shi na ce addu'ar Yaya ta kusa jawo masa kora. Ya girgiza kai ya ce, "A'a, Yallaɓai. Ni na bari aka rufe wa motar ido. Addu'ar ai ita ta kawo hadarin."