Allura da Wayar Inna

Mutanen gidanmu a Dumega ba su kiran waya. Su dai su latsa ta yi ƙara sau ɗaya su kashe, kai ka kira. In ka yi jinkiri kuwa, kafin la'asar an gama yanke cewa kana kwance asibiti. Shi ya sa ko a ɗakin bincike, can ƙasar Turawa inda nake karatu, ban taɓa kashe tawa ba.

Aikina na masu haƙuri ne, ni kuwa ko shayi ba na iya jira ya tafasa. Ana tsoma ɗan fallen zinariya cikin wani ruwan magani, ƙwayoyin maganin su jeru da kansu a kai, shimfiɗa ɗaya tak, kowace a karkace kamar gero bayan iska. Nawa shi ne in gano ina suka karkata. Ido ba ya ganinsu. Wata allura ce ke bi dab da su ba ta taɓa su, lantarki na tsallakawa tsakani, na'ura tana zana hoton layi bayan layi. Tari kaɗai ya isa ya ɓata shi.

Sati da sati ina wasa tsinin allurar tana ƙi. Sai ranar ƙarshe da aka ba ni na'urar layuka suka fara fitowa tsaf. In hoton nan bai cika ba, kammala karatuna sai baɗi. Zama ya gagare ni, tafiya kuma ba dama.  Garin mutsu-mutsu na zaro wayar daga aljihu na aje kan teburin na'urar.

Hoto ya kai rabi, wayar ta yi gurnani sau ɗaya. Allura ta caki zinariya. Wayyo ni! Kamar in ɗora hannu a ka.

Inna ce. Na fita waje na kira, raina a ɓace, ko gaisuwa ban tsaya yi ba.

"Inna, mi ya faru?"

"Lahiya lau. Yi shiru ka ji."

Ta ɗaga wayar sama. Ruwa ne ke dukan kwanon ɗakinta, yara na ihu a tsakar gida.

"Ka jiya? Na hwarko ne bana. Na ce kar a yi ba kai. Ina aiki?"

Na jingina da bango.

"Aiki da godiya, Inna."